Idan Unguwa Ce Majinyaciya: Me Digiri Na Biyu A Jinyar Al'umma Ke Koyarwa?

A daminar 2023, lokacin da mashaƙo ya yi ƙamari a Kano, duk ma'aikacin jinyar da ya shiga ɗakin da aka killace yara ya san abin da zai tarar: yaro da kumburarren wuya, jiki zafi rau, ga wata fata mai ruwan toka ta manne a maƙogwaro har numfashi na neman gagara. Aikin nas a bakin wannan gado sananne ne. Ta tabbatar an yi allurar da ke karya dafin cutar, ta ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci, ta sa ido kan numfashi da bugun zuciya, ta lallashi uwa. In Allah ya sa da sauran kwana, a sallami yaro, a gyara gado, a kawo wani.

Akwai kuma wata nas ɗin da tambayoyinta ke farawa daga inda na waccan suka tsaya. Daga wace unguwa aka kawo shi? Yara nawa ke kwana ɗaki ɗaya da shi? Wace Islamiyya yake zuwa, kuma su nawa ne a tabarma? Ina katin rigakafinsa? In babu, me ya hana? Maigida ne, ko nisa, ko kuwa an taɓa zuwa sau ɗaya aka ce a dawo wani satin, ba a sake komawa ba? Rigakafin mashaƙo yana cikin haɗin nan mai kariya daga cututtuka biyar da ake yi wa jariri yana da sati 6, da 10, da 14, kuma kyauta ne. Yawancin yaran da cutar ta kayar ba su sami cikakken rigakafi ba, da yawansu kuma sun haura shekara biyar. Wato ramin da muka faɗa a 2023, shekaru ne aka yi ana haƙa shi, gida-gida, ba tare da wani ya lura ba. Nas ɗin da aka horar ta lura da irin wannan rami tun kafin a faɗa, ita ce ma'aikaciyar jinyar al'umma. Majinyacinta unguwa ce sukutum.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wata ƙanwata ce a wurin aiki ta tare ni bayan mun tashi daga awon ciki. Ta ce, "Anti, ina so in koma karatu, amma kowa da abin da yake faɗa mini. Wannan ya ce in yi mastas na jinya, wancan ya ce MPH, wato mastas na lafiyar jama'a, ta fi kasuwa. Kuma in dai a ƙaramin asibiti zan ƙare, mene ne bambancina da 'yan CHEW, ma'aikatan lafiya na matakin farko?" Tambayoyi uku ne a dunƙule, kuma na san ba ita kaɗai suke damu ba.

Sana'ar ta fi yadda ake zato daɗewa. A 1859 wani attajiri a Libaful ta Ingila, William Rathbone, ya fara ɗaukar nas tana bin gidajen talakawa tana jinyarsu a ɗakunansu. A 1893 Lillian Wald ta kafa irin wannan aiki a unguwannin baƙi 'yan ci-rani na birnin New York, ita ce kuma ta raɗa wa sana'ar sunan da take amsawa a yau. Mu a Kano iyayenmu sun san duba-gari, wanda yake leƙa randa da masai da kwata, har yau kuma Makarantar Koyon Tsafta tana nan. Sai taron Alma-Ata na 1978 ya ce lafiya a matakin farko ita ce ginshiƙi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya dasa wannan tunani a Najeriya, aka kuma kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa a 1992. Daga baya aka mayar da mazaɓa ta zama ma'auni: kowace mazaɓa ta sami asibiti aƙalla ɗaya mai aiki dare da rana. Jihar Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44. Ku riƙe wannan adadi, domin shi ne girman filin da ake magana a kai.

Tsanin karatun shi ne inda mutane suka fi rikicewa. Wadda ta fito daga makarantar koyon jinya ta shekara uku, ta ci jarrabawar Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, cikakkiyar nas ce mai lasisi, amma takardarta ba digiri ba ce, don haka ƙofar mastas ba ta buɗe mata kai tsaye ba. Sai ta fara yin digirin farko na kimiyyar jinya, wanda shekara biyar ne ga wanda ya shiga ta JAMB daga sakandare, ya kuma ragu ga mai lasisi da ya shiga daga aji biyu. Jami'ar Bayero tana yinsa, Ahmadu Bello ta Zariya tana yi, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ma ta zama mafita ga masu aiki da ba za su iya barin albashi ba. Bayan digiri akwai shekarar horon aiki, da bautar ƙasa ko takardar yafewa. Daga nan ne ake maganar mastas, wanda galibi yake cin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu: zango biyu a aji, sauran a fili da rubutun kundin bincike. Akwai kuma wata hanya ta daban, ta zama ƙwararren ɗan Kwalejin Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Afirka ta Yamma, wadda ta fi karkata ga ƙwarewar aiki fiye da ta koyarwa.

Game da MPH da mastas na jinya, ga yadda nake kallonsu. MPH rumfa ce mai faɗi. Likita da mai haɗa magani da ma'aikacin ɗakin gwaji da nas duk suna zama a aji ɗaya, wanda kuma ya fito ana kallonsa a matsayin masanin lafiyar jama'a, ko da kuwa daga wace sana'a ya taso. Ƙungiyoyin agaji sun san ta sosai. Mastas na jinyar al'umma kuwa yana barin mutum cikin gidansu. Wadda ke son koyarwa a sashen jinya na jami'a, ko ta zarce digiri na uku a jinya, ko ta jagoranci nas-nas da ungozomomi a hukumar lafiya, wannan ya fi mata, saboda sassan jinya sukan fi son malaminsu ya yi babban digirinsa a fannin. A nan Kano mun yi dace da cibiyar ACEPHAP ta Jami'ar Bayero, ɗaya daga cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa, wadda Farfesa Hadiza Galadanci ta jagoranta tun kafuwarta. Cikin kwasa-kwasanta akwai mastas na jinyar lafiyar jama'a haɗe da nazarin manufofin gwamnati. Abin da a da sai an tafi Ibadan, inda aka fara digirin jinya a Najeriya tun 1965, yau ana iya yinsa mutum yana kwana a gidansa a Gwale ko Tarauni.

Su kuma 'yan CHEW da manyansu CHO, wato jami'an lafiyar al'umma, hukumarsu daban, lasisinsu daban, kuma an horar da su ne su duba marasa lafiya bisa wani littafin ƙa'ida da ke faɗa musu abin da za su yi da lokacin da za su tura gaba. Gaskiya ɗaya ce, su ne suka riƙe ƙananan asibitocin jihar nan, a wurare da yawa ma su ne incaj. Duk nas ɗin da ta sauka a mazaɓa tana ɗaga kai don tana da mastas, ta rusa aikinta tun ranar farko. Abin da ake nema daga gare ta shi ne abin da babu mai lokacin yi a wurin: ta kalli rijistocin wata shida ta faɗi abin da suke nufi, ta tsara yadda za a toshe giɓi, ta horar, ta bi sawu, ta rubuta rahoton da zai sa a saki kuɗi.

Wannan ya kawo mu kan zuciyar karatun, kuma a nan zan ɗan daɗe. Darasin da ya fi ba nas-nas tsoro shi ne ƙididdiga da ilimin yaɗuwar cututtuka, kuma shi ne ya fi kowanne canza wa mutum ido. A ce, a misali, wani asibiti ya yi wa jarirai 200 allurar sati 6, amma 140 kaɗai suka dawo ta sati 14. Mai kallon littafi da ido zai ce an yi aiki, allura 340 ba wasa ba. Wadda ta yi karatun za ta ce yara 60 sun ɓace a hanya, kashi 30 cikin 100 ke nan, alhali da zarar an haura kashi 10 ya kamata hankali ya tashi. Sannan ta san cewa wannan matsalar daban take da ta yaran da ba su taɓa zuwa ba. Uwar da ta zo sau ɗaya ta yarda da rigakafi, ta san hanya, maigida ya bar ta. In ba ta dawo ba, a fara neman laifin daga cikin asibiti: an bar ta a layi tun hantsi har azahar, ko an daka mata tsawa, ko jaririn ya yi zazzaɓi da dare ba wanda ya gaya mata tun farko cewa hakan na faruwa kuma yana wucewa. Wanda bai taɓa zuwa ba kuwa, maganarsa a zaure take.

Akwai wani abin da ya fi wannan zurfi. Kafin a ce an yi wa kashi kaza na yara rigakafi, sai an san yara nawa ne a mazaɓar. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya a 2006 aka yi ta, lokacin da aka ce jihar Kano na da mutum miliyan 9.4. Tun daga nan hasashe ake yi: a ƙara wani kaso kowace shekara, sannan a ɗauki kashi 4 cikin 100 a ce su ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya, kashi 5 a ce masu juna biyu. To wanda ya san yadda Ungogo da Kumbotso suka cika suka batse a shekarun nan, ya san gonakin 2006 yau unguwanni ne masu layi-layi. Shi ya sa za ka ga rahoton wata mazaɓa ya ce an yi wa fiye da kashi 100 cikin 100 rigakafi, ana tafi, alhali a bayan asibitin akwai lungun da ba a taɓa shiga ba. Adadin da aka raba da shi ne ya yi kaɗan. Mastas mai kyau yana koya wa nas ta ƙi yarda da irin wannan lamba, ta fita da takarda da biro ta zana taswirar mazaɓarta, ta ƙirga gidaje da kanta.

Sauran darussan sun haɗa da sa ido kan ɓarkewar annoba da yadda rahoto ke tafiya daga asibiti zuwa jami'in ƙaramar hukuma har NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, da tsaftar ruwa da muhalli, da abinci mai gina jiki, da lafiyar makarantu da ta ma'aikatan masana'antu irin na Sharaɗa da Challawa da Bompai, da tattalin kuɗin lafiya. Na ƙarshen nan kada a raina shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun lafiya a matakin farko, wani kaso kuma yana sauka kai tsaye a asusun ƙananan asibitoci. Asibitin da ba shi da mai iya rubuta tsarin kashe kuɗi da kare shi, firjinsa mai sola zai lalace ya zauna, alluran da dole su kasance tsakanin digiri 2 da 8 na sanyi su tashi aiki.

Amma lissafi rabin aikin ne. Ɗaya rabin yarda ce, kuma babu garin da ya kai Kano sanin tsadarta. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, shari'a ta ja har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. A 2003 aka dakatar da ɗigon foliyo a jihar saboda zargin an gurɓata shi, ba a dawo ba sai Yulin 2004, bayan an samo na ƙasar Indunusiya, kuma a tsakanin nan cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A Fabrairun 2013 aka harbe masu ɗigon foliyo tara a cikin birnin nan, mata ne da suka fito neman halaliyarsu. Allah ya ji ƙansu. Duk da haka, yaro na ƙarshe da foliyon daji, wato ainihin ƙwayar cutar wadda ba daga ɗigon rigakafi ta samo asali ba, ya shanye a jihar Kano a Sumaila ne, a Yulin 2014, sannan a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi.  Babban abin da ya canza tsakanin 2003 da 2014 shi ne wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa da wanda ya rako shi: masarauta ta shigo daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, malamai suka yi magana a kan mumbari, aka ɗauki matan unguwa da kowa ya san gidan ubansu, aka fara tambayar wanzamai da ungozomomin gargajiya gidan da aka yi haihuwa.

Don haka idan magidanci ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Malama, ku da ba ku ba mu maganin zazzaɓi kyauta, me ya sa wannan kuke bin mu da shi har gida?", tambaya ce ta mai hankali, kuma tana da tarihi a bayanta. Nas ɗin da ta karanta halayyar jama'a da dabarun isar da saƙo ta san ba a amsa ta da gatse. Sai ta ce, "Gaskiyarka ne Alhaji, ranka ya daɗe," ta zauna ta saurara, ta yi bayani, in ya ƙi ta yi sallama da mutunci don a bar mata ƙofa a buɗe gobe. Ga mu mata kuma akwai wata dama da ba a cika faɗa ba: gidan da aka rubuta "ba shiga", mu muna shiga har ƙuryar ɗaki. Abin da mai jego za ta faɗa wa mace 'yar'uwarta tana zaune a bakin gado, ba za ta taɓa faɗarsa a layin asibiti ba.

Maganar mai jego ta kai ni ga bincike, wanda ɗalibai da yawa ke ɗauka wani shinge ne da za a tsallake a karɓi takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 20 cikin 100 ba. To ku dubi abin da bincike ya yi a garin nan. A 2008 aka shigar da allurar magnesium sulphate a manyan asibitocin jiha guda 10 don mata masu jijjiga a lokacin ciki ko haihuwa, aka horar da likitoci da ungozomomi, aka bi sawun sakamakon: mace-macen masu jijjiga ya sauko daga kusan kashi 21 zuwa ƙasa da kashi 3 cikin 100. A 2023 aka fitar da sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Galadanci na cikin jagororinsa. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a ga ainihin jinin da ta zubar maimakon kintace da ido, sannan a haɗa matakan tsayar da jinin gaba ɗaya a lokaci guda. Zubar jini mai tsanani da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin 100. Hannun ungozomomi da nas-nas ne ya aiwatar da shi, su suka riƙe ledar, su suka cika takardun. Abin da nake fata shi ne mu tashi daga masu cika takarda kawai mu zama masu kawo tambayar.

Tambayoyin kuwa suna nan birjik a unguwanninmu. Me ya sa mace za ta zo awo sau huɗu amma ta haihu a gida? Wa ke yanke shawarar a tafi asibiti idan naƙuda ta yi tsawo cikin dare, miji ko uwar miji, kuma awa nawa ake ɓatawa kafin a sami ɗan adaidaita sahu? Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata da damina, na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, to na rana ta biyu da ta uku fa, iyaye nawa ke bayarwa? Ina jin takaici duk lokacin da na ga kundin mastas mai taken da aka kwafo daga wata ƙasa, aka raba wa ɗalibai 'yan'uwa takardar tambayoyi a aji, aka ɗaure da baƙin bango aka ajiye.

Sauran magana ita ce ta wahala, kuma ban ɓoye wa ƙanwata ba. Samun izinin tafiya karatu da albashi ba ya zuwa da sauƙi a asibitin da ma'aikata suka yi ƙaranci. Da yawa suna haɗa aikin dare da lacca da safe, ga yara, ga girki. Kuɗin bincike daga aljihu yake fita. Takardar sakamako daga tsohuwar makaranta kan ɗauki watanni, don haka a fara nemanta tun kafin a buɗe sayar da fom. Sannan kada a sa rai mastas zai ɗaga albashi washegari, domin a aikin gwamnati ƙarin girma ya fi bin shekaru da gurbi.

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. A farkon 2024 magatakardan Majalisar Ma'aikatan Jinya ya ce nas-nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Ban ga laifin wanda ya tafi neman abin da zai riƙe iyalinsa ba. Amma ko cikin waɗanda suka zauna, babban digiri kan zama tikitin barin mazaɓa: a koma ofis a hedikwata, ko ƙungiyar agaji, ko aji. Karatun da aka yi don unguwa sai ya raba mutum da unguwar. Gyaran wannan yana hannun hukuma. A samar da gurbi mai daraja da alawus ga ƙwararriyar nas a kowace ƙaramar hukuma, mai kula da rukunin mazaɓu, da abin hawa, da ikon a ji maganarta idan ta ce lambar nan ba daidai ba ce. Ƙananan hukumomi 44 ne, ba adadin da ya fi ƙarfin jiha ba.

Ƙanwata ta tambaye ni to yanzu ta ina za ta fara. Na ce ta aika neman takardar sakamakonta a satin nan, sannan ta ɗauko rijistar rigakafin asibitinmu ta wata shida da suka wuce, ta fitar da sunan duk jaririn da aka yi wa ta sati 6 bai dawo ba, ta rarraba su layi-layi. Ta yi kwana uku tana yi bayan an tashi. Da ta kawo mini takardar, sai ga yawancin sunayen sun taru a wasu layuka biyu da ke tsallaken kwata, inda ruwa ke yanke hanya da damina. Ta ce, "Anti, ashe shekara huɗu ina wucewa ta wurin nan." Mun aika wa Baba mai unguwa cewa muna tafe ranar Litinin bayan la'asar.